Wasiƙar gida a tsakiyar teku: abin da ake rubutawa da abin da ake ɓoyewa

A shekarar 1758, ana tsakiyar Yaƙin Shekara Bakwai, wani jirgin ruwan yaƙi na Faransa mai suna Galatée ya tashi daga Bordeaux ya nufi Kebek da ke Kanada. Bai kai ba Turawan Ingila suka tare shi a teku, suka kama shi, suka tasa ƙeyar mutanen cikinsa zuwa gidan fursuna. Tun kafin haka iyalansu ke ta rubuto musu wasiƙu, gidan wayar Faransa kuma yana bin jirgin da su daga wannan tasha zuwa waccan, duk inda aka je sai a ce ai bai daɗe da tashi ba. Da labarin kamun ya iso, aka ɗaure wasiƙun aka aika Ingila da zaton za a miƙa wa masu su. Hukumar sojan ruwan Ingila ta karɓa ta jefa a ma'ajiya. Nan suka zauna a liƙe da hatiminsu fiye da ƙarni biyu, har wani malamin tarihi na Jami'ar Kambirij, Renaud Morieux, ya ci karo da su a gidan adana tarihi na Kew da ke Landan, ya buɗe, ya wallafa abin da ya gani a 2023.

Wasiƙun sun haura 100, kuma fiye da rabinsu mata ne suka aiko. Marie Dubosc tana gaya wa mijinta Louis Chambrelan, ɗaya daga cikin manyan hafsoshin jirgin, cewa za ta iya kwana tana rubuta masa. Ta rasu a shekarar da ta biyo baya, shi kuwa bai taɓa ganin takardar ba. Wata dattijuwa 'yar shekara 61 daga Normandi, Marguerite, ƙorafi take yi wa ɗanta Nicolas Quesnel: ranar sabuwar shekara ya rubuta wa budurwarsa, ita da ta haife shi ko oho. Sai da budurwar ma ta rubuta tana roƙonsa ya aika wa mahaifiyarsa 'yan layuka don a zauna lafiya. Dattijuwar ba da hannunta ta rubuta ba, faɗa ta yi wani ya rubuta mata, kamar yadda iyayenmu kan zauna gaban mai rubuta wasiƙa a ƙofar gidan waya su amayar da ta cikinsu a gaban bare don ba yadda za su yi.

Idan ana maganar tallafa wa sojojin ruwa da wasiƙu, abin da ke fara zuwa ran mutane shi ne tausayi: bawan Allah yana can tsakiyar ruwa, a rubuta masa kalma mai daɗi ya ji sanyi. Hakan yana nan, amma shi ne mafi sauƙi a lamarin. Wasiƙar da za ta je jirgin yaƙi tana ratsa buƙatun da ba sa jituwa da juna. Iyali suna son su ji yana raye, su kuma sauke abin da ke ransu. Runduna tana son kada abokin gaba ya san inda jirgin yake, tana kuma son wanda ke gadin na'ura da tsakar dare hankalinsa ya tsaya a kan na'urar. Shi kuwa sojan so yake ya san gaskiyar halin da gida ke ciki, ko da ba abin da zai iya yi a kai. Shi ya sa a ganina ba a fahimtar wannan wasiƙa sai an duba abin da aka cire daga cikinta, da tsawon shirun da ke tsakaninta da mai bi mata.

Sojan ƙasa, komai nisansa, yana da sansani, akwai kuma hanyar da abinci da harsashi ke bi su same shi, buhun wasiƙa sai ya bi ayarin. Jirgin ruwa ba shi da mazauni. Yau yana nan, jibi ya yi kilomita dubu, kuma inda ya dosa shi ne babban sirrin da ake karewa. Amurka ta sha fama da wannan a Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da sojojin ruwanta suka tashi daga ƙasa da rabin miliyan a ƙarshen 1941 zuwa sama da miliyan 3 a 1945. Dabarar da aka yi ita ce adireshin da ba ya nuna wuri. Uwa za ta rubuta sunan ɗanta da muƙaminsa da sunan jirginsa, sai ta ƙara da cewa ta hannun gidan wayar rundunar ruwa da ke San Faransisko idan yana tekun Pasifik, ko na New York idan yana Atilantika. Daga nan sai waɗanda suka san zirga-zirgar jiragen su ƙiyasta tashar da jirgin zai tsaya nan gaba, su tura buhun can ya jira shi. Da yawa daga cikin masu tantance wasiƙun mata ne na WAVES, sashen mata na rundunar ruwan da aka kafa a 1942. In umarni ya sauya jirgin ya juya wani waje, buhu ya koma bin sawu ke nan. Wanda aka sauya wa jirgi, ko ya ji rauni aka kai shi asibiti, wasiƙarsa kan yi watanni tana yawo, kafin ta iso ambulan ya cika da hatimai da adireshin da aka soke aka sake.

Yadda abin kan cushe ya fito fili a fagen Turai. A farkon 1945 miliyoyin wasiƙu da ƙunshin kaya sun taru a ɗakunan ajiya a Birmingham ta Ingila, ɓeraye na cin abincin da ke cikin ƙunshin. Sai aka turo bataliya ta 6888 ta sojan Amurka, mata 855 galibinsu baƙaƙen fata, ƙarƙashin Manjo Charity Adams. An ba su wata shida, suka kammala a wata uku, suna aiki dare da rana. Cikin abin da suka tarar har da mutum kusan 7,500 masu suna Robert Smith, kowa da tasa wasiƙar.

Bayan adireshi sai nauyi. Duk gurbin da buhun wasiƙa ya ci a jirgin sama, gurbin magani ne ko kayan gyaran inji aka hana. Birtaniya ce ta fara samo mafita a 1941 da taimakon kamfanin Kodak, don sojojinta da ke Masar, Amurka kuma ta ɗauka a watan Yunin 1942 ta sa masa suna V-Mail. Mutum zai rubuta wasiƙarsa a kan takarda ta musamman mai shafi ɗaya, a ɗauki hotonta a kan siririn fim, a ɗora fim ɗin a jirgin sama, a can kuma a wanke shi a buga kowace wasiƙa a 'yar ƙaramar takarda a kai wa mai ita. Wasiƙu 150,000 da a da ke cika buhu 37 sai suka koma buhu ɗaya, nauyinsu ya sauko daga fiye da kilo 1,100 zuwa kimanin kilo 20. Ba a lalata takardar asali sai an tabbatar fim ya isa, don haka ko jirgin ya faɗi ana iya sake ɗauka. Zuwa ƙarshen 1945 an sarrafa sama da biliyan ɗaya.

A lissafi wannan nasara ce babba. Amma dubi abin da mutane suka yi. A 1944 sojojin ruwan Amurka sun karɓi V-Mail kimanin miliyan 38, wasiƙun takarda na yau da kullum kuwa sama da miliyan 272. Duk da tallar da gwamnati ta yi ta yi, iyalai sun fi son wadda ta fi nauyi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Shafi ɗaya ya yi kaɗan, rubutun ya ƙanƙance har sai an ƙura ido, ba a sa komai a ciki, ga shi takardar da ta iso hannunsa ba ita matarsa ta taɓa ba. Mata sun riƙa sumbatar takardar su bar shaidar jan-baki, jan-bakin ya riƙa maƙale wa injin ɗaukar hoto, har hukuma ta riƙa roƙon a daina. Hukuma tana ganin wasiƙa saƙo ce da za a iya matse ta yadda aka ga dama muddin kalmomin sun isa. Masu aikawa da masu karɓa suna ganin takardar kanta, da rubutun hannun, da ƙamshin, duk cikin saƙon suke. Su suka fi gaskiya.

Matakin ƙarshe shi ya fi wuya. A 1944 da 1945 rundunar Amurka a Pasifik takan yi makonni ba ta ga tasha ba. Buhunan kan taru a wurare irin Ulithi, wani tarin ƙananan tsibirai da aka mayar babban mazaunin jirage, daga nan a loda su a jiragen dakon mai. A tsakiyar teku jirgin mai da jirgin yaƙi za su jera suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, a harba igiya daga wannan zuwa wancan, bututun mai na aiki, buhunan wasiƙa na lilo a kan igiya suna tsallake ruwan da ke tumbatsa a tsakani. Ƙananan jiragen yaƙi masu sauri su ke zagayawa su raba wa sauran. Daga nan sai a yi shelar wasiƙa ta iso. Wani zai tsaya da ƙunshi a hannu yana kiran suna ɗaya bayan ɗaya, mutane a tsaye cirko-cirko. Wani ya tashi da guda goma sha biyu a lokaci guda bayan wata biyu ba ko ɗaya. Kuma ba a jere suke zuwa ba: yana iya karanta cewa yarinya ta samu sauƙi an sallamo ta, bai san ta yi ciwo ba, sai bayan mako uku wasiƙar da ta ba da labarin ciwon ta iso. Shi ya sa matan da suka san kan abin suke sa wa kowace wasiƙa lamba a bayan ambulan, don ya jera su kafin ya buɗe, ya kuma san wadda ta ɓata. Akwai kuma wanda za a gama kira ba a ambaci sunansa ba. Ba shi da ɗakin da zai shiga ya rufe ƙofa. A gadonsa mai hawa uku zai kwanta, na sama da na ƙasa kowa na karatu.

Amsar da zai mayar kuwa sai ta bi ta hannun mai tacewa, wanda galibi hafsa ne na jirginsu, mutumin da gobe zai ba shi umarni. A buɗe ake miƙa ambulan. An hana faɗin inda ake, da inda aka fito, da sunayen sauran jirage, da ɓarnar da aka yi wa jirgi, da waɗanda suka mutu, har yanayin gari, don zafi ko sanyi na iya nuna yankin. Ajiye littafin abubuwan da ke faruwa kullum ma an hana. Abin da ya saɓa sai a yanke shi da reza ko almakashi, shi ya sa ake cewa a rubuta a fuska ɗaya kawai, kada a yanke sunan tsibiri a tafi da gaisuwar da ke bayansa. Mutane dai ba sa rasa dabara. Wasu kafin su tafi sukan shirya da iyali cewa in na tambayi lafiyar wance, ina wuri kaza. Wasu su riƙa sauya harafin farko na sunan tsakiya na wanda suke rubuta wa, har haruffan su haɗa sunan gari. Masu tacewa sun san da wannan, suna farautarsa. Abin da ya fi damuna a tsarin shi ne abin da yake yi wa harshen mutum. Wanda ya san maigidansa zai karanta kowane layi ba zai ce yana jin tsoro ba, ba zai ce wa matarsa abin da miji ke cewa ba. Sai wasiƙar ta koma lafiya lau, abinci ba laifi, a gaida kowa. Labarin zuciya a tambayi fuska, to ga shi babu fuskar, harshen ma an ɗaure.

Da yake wasiƙar ba ta faɗin komai, sai zuwanta kawai ya zama labarin. In ta zo, yana raye ranar da ya rubuta. In ta daina zuwa, ko dai gidan waya ne, ko kuwa abin da ake gudu. 'Yan'uwa biyar 'yan gidan Sullivan daga garin Waterloo a jihar Iowa sun shiga sojan ruwa a Janairun 1942 da sharaɗin a bar su tare, aka sa su a jirgin USS Juneau. Ranar 13 ga Nuwamban 1942 wani jirgin ƙarƙashin teku na Japan ya nutsar da shi kusa da tsibirin Guadalcanal a tekun Pasifik, mutum 10 kacal suka tsira daga cikin kusan 700. Runduna ta yi gum don kada Japan ta san girman ɓarnar da ta yi. A gida, abin da iyayen suka gani shi ne wasiƙun 'ya'ya biyar sun tsaya cak lokaci guda. Sai raɗe-raɗi ya fara yawo a gari. A Janairun 1943 mahaifiyarsu, Alleta Sullivan, ta rubuta wa hukumar sojan ruwa tana tambaya ko abin da take ji gaskiya ne. Ranar 12 ga watan ne jami'ai suka zo gidan, wata biyu bayan abin ya faru. Ana iya kare matakin rundunar ta fuskar yaƙi. Amma duk wata uwa a Amurka da ta ji labarin ta koyi darasi guda: shiru ma magana ce, kuma hukuma na iya sani ta ƙi faɗa. Daga ranar, jinkirin mako biyu na gidan waya ya zama abin hana barci.

Birtaniya ta ɗanɗana irin wannan a yaƙin da ta yi da Ajantina kan tsibiran Falkland a 1982, nisan kusan kilomita 13,000 daga gida. Wajen isar da wasiƙa ta yi ƙoƙari: takardun shuɗi na jirgin sama kyauta ne, ana kai su tsibirin Ascension da ke kusan rabin hanya, daga nan jiragen sama na dakon kaya samfurin Hercules su jefa ƙunshin da laima a teku kusa da jiragen yaƙi a tsamo. Wajen labari ne aka yi tuntuɓe. Daren 25 ga Mayu ministan tsaro John Nott ya faɗa a talabijin cewa an yi wa wani jirgi mummunar ɓarna, bai faɗi suna ba. Manufar ita ce a fara sanar da iyalan waɗanda abin ya shafa. Sakamakon kuwa, iyalan kowane jirgi a Portsmouth da Plymouth, garuruwan sansanin sojan ruwa, suka kwana ido biyu, sai washegari aka ce HMS Coventry ne, mutum 19 sun mutu.

Tacewar da ba a cika magana a kanta ba ita ce wadda gida ke yi. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, tallace-tallace da mujallun mata a Amurka sun yi ta nanata wa masu rubutu abu guda: ki rubuta sau da yawa, ki rubuta da fara'a, kada ki ɗora masa damuwarki. Kada ki ce kuɗi sun ƙare, kada ki ce rufin ɗaki na yoyo, kada ki kawo ƙarar surukarki. Hujjar tana da ƙarfi, tunda mutumin da ke tsakiyar Pasifik ba zai gyara rufi ba, kuma damuwar da ba ta da mafita cin rai kawai take. Sai dai an ɗora wa matar aiki biyu, ta ɗauki nauyin gida ita kaɗai, ta kuma yi kamar ba nauyi. Shi ma ba yaro ba ne. In wasiƙa goma suka zo duk zaƙi zalla, sai ya fara tambayar kansa me ake ɓoye masa, zargi kuwa a cikin jirgi yana da lokacin da zai yi girma. A ɗaya gefen akwai gaskiyar da ta zo ba a shirya ba, wato wasiƙar rabuwa daga mata ko budurwa, wadda ta yawaita a wancan yaƙi har aka yi mata laƙabi. Hafsoshi da limaman runduna sun san in irinta ta iso, sai an sa wa mutum ido.

Inda aka kai wannan tacewa ƙarshe shi ne jiragen ƙarƙashin teku masu ɗauke da makaman nukiliya. Tun 1969 Birtaniya ba ta taɓa rasa guda ɗaya yana sintiri a ɓoye ba, daga sansanin Faslane a Scotland. Jirgin yana karɓar saƙo amma ba ya aikawa, don aikawa na iya tona inda yake. Iyali na da damar turo kalmomi 120 a mako, shi kuwa ba zai amsa ko kalma ɗaya ba har ya dawo. Ana karanta saƙon a tudu, kyaftin ma ya duba kafin a miƙa, kuma mummunan labari ba ya wucewa. In uban mutum ya rasu, akan riƙe labarin har sintiri ya zo ƙarshe, tunda jirgin ba zai taso sama don mutum ɗaya ba. A da sintirin kan ɗauki kimanin wata uku. A 'yan shekarun nan an samu wanda ya haura wata shida. Ka ƙaddara mace tana rubuta kalmomi 120 na fara'a mako bayan mako, alhali an riga an binne mahaifinsa. A jiragen saman ruwa na Amurka hanyar daban ce: iyali su sanar da ƙungiyar Red Cross, ita ta tabbatar da rasuwar ko ciwon ko haihuwar daga asibiti, ta aika wa kwamanda, shi ya yanke ko za a ba mutum hutu ya tafi gida.

Ni dai ina ganin ɓoye babban labari yana da hujja ne kawai inda babu hanyar dawowa, kuma bayan mutum ya san ƙa'idar tun kafin ya tafi. Ɓoye ƙananan abubuwa kuwa, kuskure ne da ake yi da kyakkyawar niyya. Abin da ke riƙe mutum a teku shi ne jin har yanzu yana da gurbi a gidan, ana shawara da shi, ana gaya masa yaro ya faɗi jarrabawa, maƙwabci ya tashi, farashi ya hau. Ƙorafi ma shaida ce ta cewa ana lissafi da shi.

Wannan ya kawo mu ga wasiƙun baƙi, waɗanda su ne suka fi jan hankalin jama'a duk sanda yaƙi ya ɓarke. A 1967, lokacin yaƙin Biyetnam, marubuciyar shafin shawarwari ta jaridun Amurka Abigail Van Buren ta fara kiran masu karatunta su rubuta wa sojojin da ke waje, abin ya zama al'ada ta kowace shekara. A yaƙin Tekun Fasha na 1990 zuwa 1991 aka buɗe ƙofar rubuta wa "kowane soja" ba tare da suna ba, 'yan makaranta da coci-coci suka yi ta aikawa har buhunan suka yi wa tsarin yawa. Ga wanda ba a kiran sunansa, zanen ɗan firamare abu ne, da babu gara ba daɗi. Amma buhun baƙo da buhun uwa jirgi ɗaya suke hawa, gurbi ɗaya suke nema. A ƙarshen 2001, bayan wasiƙun da aka cusa wa ƙwayar cutar anthrax sun kashe mutum 5 a Amurka, biyu daga ciki ma'aikatan gidan waya, ma'aikatar tsaro ta rufe wannan ƙofa. Yanzu sai ta hannun ƙungiyoyin da ke tantancewa su tura. Wanda ke son taimakawa da gaske, sau da yawa ya fi amfani ya juya ga gidan da sojan ya bari, ya ɗauke wa matar wani nauyi, don ita ce wasiƙarta ke da nauyi a wurinsa.

Zuwan intanet ya rage nisa, bai kashe matsalar ba. Manyan jiragen dakon jiragen sama na Amurka yanzu suna da imel, wasu har da hanyar da soja zai yi hira da gida ta wayarsa, yayin da takarda da ƙunshin kaya ke zuwa a jiragen sama na dakon kaya da ke sauka a kan jirgin. Sai dai kwamanda na iya datse duk sadarwa a kowane lokaci, in za a kai hari, ko in wani ya mutu ana son a fara sanar da iyalinsa. Matar da ta saba jin mijinta kullum, in ya yi kwana biyu shiru sai ta shiga halin da kakarta kan shiga bayan wata biyu. Saurin ma yana da nasa aibin: rigimar gida takan iso da zafinta, ya gama musu da matarsa a waya ya wuce bakin aiki. Wani bincike da masana na Jami'ar Denver suka wallafa a 2011 kan sojojin ƙasa magidanta 193 ya gano cewa, ga waɗanda aurensu ke lafiya, yawan saƙon da ke zuwa a jinkirce, wato wasiƙa da ƙunshin kaya da imel, yana tafiya da ƙarancin alamomin ciwon firgici bayan an dawo. Ga waɗanda aurensu ke tangal-tangal, abin ya juya. Ba sojojin ruwa aka bincika ba, adadin ma ba shi da yawa, amma ya dace da hankali: wasiƙa ana tunani kafin a rubuta ta, ana iya sake karanta ta sau goma, kuma ba ta ƙirƙiro zumuncin da babu shi, wanda ke akwai take ɗaukowa.

An ga sabon salon abin a Bahar Maliya. Jirgin USS Dwight D. Eisenhower ya bar tashar Norfolk ta Amurka a Oktoban 2023 da mutum kusan 5,000, ya shafe watanni yana kakkaɓo makamai masu linzami da jirage marasa matuƙa na 'yan tawayen Huthi na Yemen. Da Huthi suka riƙa iƙirarin sun same shi, labarin ya isa wayoyin iyalai cikin mintuna, sai kyaftin ɗin jirgin, Chris Hill, ya riƙa sa hotuna da bidiyo a shafin X yana nuna jirgin lafiya lau, yana kuma sa hotunan ƙananan sojoji don iyayensu su gani. A 1942 aikin hafsa shi ne ya yanke labari da reza. A 2024 ya zama dole ya riƙa samar da labari da kansa don ya riga ƙarya isa gida.

Duk da haka an tsawaita wa jirgin zama har sau biyu, bai koma ba sai Yulin 2024, bayan wata tara. Nan iyakar wasiƙa take. Rundunoni suna son gangamin rubuta wasiƙu don yana da arha, yana kuma faranta wa kowa, amma abin da ya fi cin iyalai shi ne ranar dawowa da ke matsawa gaba, saboda jirage sun yi kaɗan, rigingimu sun yi yawa. Jirgin USS Abraham Lincoln ya kama hanyar gida a ƙarshen 2002 bayan wata biyar, iyalai sun fara shirin tarba, sai a farkon Janairun 2003 aka ce ya juya saboda yaƙin Iraƙi, bai iso ba sai Mayu. Daga Afrilun 2019 zuwa Janairun 2020 jirgin nan dai ya sake yin kwana 295 a waje.